Ina Ne Garinku?

"Ba a nan yake ba," in ji Khala Fuljan. "Mangwaron nan ba gabas da masallaci yake ba. Sauko ka gani."

Motaleb bai sauko ba. Yana tsaye a kan benci, burushi a hannun dama, gwangwanin koren fenti a hagu, ya juyo ya dubi tsohuwar, wadda kowa ke ce wa Khala, wato inna, tana dogare da sanda tana tauna ganyen pan kamar yadda ake cin goro.

"Khala, jiya kika ce gabas."

"Jiya ban sa tabarau ba. Ni da na yi shekaru ina tsintar 'ya'yansa? A bayan gidan Horipodo masunci yake, rabin inuwarsa a kan kududdufi. Ko ka manta ranar da ka faɗo daga kansa uwarka ta ɗauke ka tana ihu?"

Hashem mai shayi ya leƙo daga cikin shagonsa yana dariya. "Goge shi kawai, Motaleb Bhai. Idan ba haka ba, yau ba mu da zaman lafiya." Bhai, wato ɗan'uwa, haka maza suke kiran juna a nan.

Motaleb ya tsoma tsumma a kananzir ya fara goge bishiyar.

Bangon shagon Hashem ne, kwanon rufi da aka miƙe aka buga a jikin katako, mai tsawo kamar motar bas. A kansa Motaleb yake zana Bokultola, ƙauyen da kogin Jamuna ya cinye tun yana saurayi. Ba rana ɗaya kogin ya ci garin ba. Damina bayan damina yake gutsura, gona yau, gida gobe, har ya kai ga masallaci da maƙabarta. Mutanen suka watse, waɗansu suka bi dangi, mafi yawa suka gangaro birnin Dhaka suka kafa ɗakunan kwano a nan bayan layin dogo, suka ci gaba da kiran juna da sunayen gidajen da babu su.

Sana'arsa zanen bayan rikisha ce, keken haya mai ƙafa uku. Ɗawisu, taurarin fim, jiragen sama, da ƙauyuka masu jan rana da koren ciyawa waɗanda ba su taɓa wanzuwa a ko'ina ba. Bai taɓa tunanin zana nasu ba sai da aka binne tsohon ladanin garin a daminar da ta wuce. A wajen zaman makoki aka yi gardama kan ko rijiyar masallacin tana da murfi, aka rasa wanda zai raba. Washegari ya roƙi Hashem bangon.

Tun daga nan bai sami sakat ba. Kowa ya dawo daga aiki sai ya tsaya ya nemi gidansu. Wannan ya ce an rage masa ɗaki, wancan ya ce saniyarsu baƙa ce ba ja ba. Wata mata ta zauna a ƙasa ta yi kuka don ya sa shanyar tufafi a daidai inda uwarta take yi, alhali shi da ka ya sa.

"Yanzu ya yi," in ji Khala Fuljan bayan ya ɗora bishiyar a sabon wurinta. "Sai ka je ka wanke hannu. Baƙi za su zo neman auren 'yarka su tarar da kai kamar ɗawisun da kake zanawa."

A ɗaki ya tarar da Joynal, ƙanin matarsa marigayiya, zaune a bakin gado cikin farar riga mai guga. Daga bayan labule ƙamshin soyayyen kifi da albasa yake fitowa. Jhorna, 'yarsa tilo, tun asuba take kan murhu da matan maƙwabta.

"Na gama magana da su," in ji Joynal, ya rage murya. "Dangin matata na Bogura sun yarda. Gida ne na bulo, da kududdufin kifi, da gonar shinkafa a baya. Idan suka tambaya, can ne garinku. In sun ce za su je su gani, za a karɓe su a ce gidan baffanka ne."

Motaleb ya zauna yana kankare fentin da ya maƙale a farcensa.

"Ka ji ni, Bhai?"

"Na ji."

"Ba ji kawai ba. Ka san irin mutanen nan. Kawun yaron nan Tuhin ne ya raine shi, shi ne uba. Mutum ne mai fili a Comilla tun kakanni. Kana cewa kogi ya cinye garinku, ya gama da kai. A wurinsu wanda ba shi da gari kamar ciyawar kan ruwa ne. Yarinyar nan tana son yaron, yaron yana son ta. Kar ka ɓata mata don taurin kai."

"Tuhin ya san gaskiya."

"Tuhin ba shi zai ba da amsa ba."

Joynal ya fita sayen alawar madara. Motaleb ya ɗaga labulen. Jhorna tana tsugune gaban kasko, gumi a goshinta, ta ɗaure gashinta da ɗankwalin da take zuwa masana'antar ɗinki da shi. A can suka haɗu da Tuhin, shi yana gyaran kekunan ɗinki, ita tana duba kayan da aka ɗinka kafin a naɗe.

"Kin ji abin da kawunki ya ce?"

"Bangon kwano ne, Abba. Har maƙwabta sun ji."

"To me kika gani?"

Ta juya kifin, man ya yi tsalle.

"Ina son auren nan," ta ce. "Ba zan ɓoye maka ba. Amma kai za a tambaya, ba ni ba."

Ya saki labulen. Ya yi wanka a famfon lungu, ya sa rigarsa ta Idi, ya tafi masallacin Juma'a. Duk tsawon huɗuba bai riƙe kalma ɗaya ba. Yana ta maimaita sunan Bogura a bakinsa don ya ji yadda zai fito, kuma kowane lokaci sai ya ji kamar yana kiran sunan wani mutum daban.

Baƙin suka iso bayan an sauko daga masallaci. Alhaji Mozammel, kawun Tuhin, dogo ne, farin gemu a gyare, yana taka katakon da aka ɗora kan kwata a hankali, yana riƙe da gefen wandonsa. Tuhin yana bayansa ɗauke da kwalin alawa, idonsa a ƙasa. Aka zaunar da su a kan gado, Motaleb da Joynal suka zauna a kujerun aro. Aka kawo shinkafa da kifi da miyar wake, Alhaji ya ci kaɗan ya yaba hannun mai girki. Aka yi maganar zafi, da cunkoson hanya, da tsadar albasa. Jhorna ta shigo da shayi, lulluɓe da mayafi, ta gaishe shi. Ya tambaye ta karatunta da aikinta, ta amsa a natse, ya gyaɗa kai. Ta koma bayan labule.

Alhaji ya ajiye kofinsa.

"Yarinya ta yi, ma sha Allah. Tuhin bai yi ƙarya ba. To, Motaleb Bhai, ina ne garinku?"

"Ai mu mutanen Bogura ne," in ji Joynal da sauri. "Akwai gidan..."

"Bokultola," in ji Motaleb.

Joynal ya rufe ido.

"Bokultola," Alhaji ya maimaita. "A wane yanki yake? Ban taɓa jin sa ba."

"A bakin Jamuna. Idan ba ka gaji ba, Alhaji, taso in nuna maka. Ba nisa."

Suka fito lungu. Labari ya riga su isa, don kafin su kai shagon Hashem mutane sun fara taruwa, masu tuƙa rikisha da ke hutun Juma'a, mata da goyo, tsofaffi. Rana ta karkata ta haske bangon gaba ɗaya. Ga kogin shuɗi a gefe da kwale-kwale, ga gonakin shinkafa, ga hanyar ƙasa da ta ratsa tsakiyar gari, ga gidaje masu rufin ciyawa da na kwano, kowanne da abin da mai shi ya nace a sa masa.

"Ga shi," in ji Motaleb. "Wannan gidan mahaifina ne, mai kabewa a kan rufi. A nan aka haife ni. Nan masallacinmu. Kogi ya cinye shi duka, babu ko tubali."

Alhaji Mozammel ya sa tabarau ya matso.

"Nan gidanmu ne," in ji Hashem, ya ɗora yatsa. "Ubana da uban Motaleb Bhai katanga ɗaya suka raba."

"Ni na yi wa uwarsa rakiya ranar da aka kawo ta amarya," in ji Khala Fuljan tana ture mutane da sanda. "Ta wannan hanyar aka shigo da ita, a kwale-kwale aka sauke ta nan. Kakansa Kalimuddin shi ya ba da filin masallacin, ka tambayi kowa a nan. Ba daga sama suka faɗo ba, Alhaji. Mutanen gari ne."

Wani ya ce haka ne, wani ya nuna nasa gidan, murya ta hau murya. Alhaji yana bin hanyar ƙasar da ido har ya kai ƙarshen gari, inda aka zana ƙananan tudu a ƙarƙashin gora.

"Wannan fa?"

"Maƙabarta. Mahaifina yana nan, daga gefen gorar. Mahaifiyata tana kusa da shi."

Alhaji ya ɗaga hannu ya yi addu'a a hankali, mutane suka yi shiru suka shafa tare da shi. Motaleb ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa. Ya dubi Joynal, ya ga shi ma ya ɗago kai.

Alhaji ya cire tabarau ya naɗe ya sa a aljihu.

"Allah ya jiƙansu. Hannunka yana da albarka, Motaleb Bhai, kuma na gode da ba ka yi mini ƙarya ba. Ni ma ba zan yi maka ba." Ya yi gyaran murya. "Zane ne wannan. Ba zan iya kawo mutanena su kwana a cikinsa ba. Idan yarinyar ta haihu, wane gida za ta je wanka? Ran Idi ina za su kai yara gaisuwa? Idan aka tambayi jikokina garin uwarsu, bangon mai shayi za su nuna? Shi kansa wurin nan da kuke, kowa ya san ba mai daɗewa ba ne. Ana maganar ƙara layin dogo, ku ma kun ji. Ranar da aka zo da motar rusau, har bangon nan za ta kwashe."

Jirgin ƙasa ya wuce a bayan shagon, kwanon ya yi ta rawa, gidajen Bokultola suna karkarwa har ƙarar ta yi nisa.

"Alhaji, a yi mini izini in yi magana."

Jhorna ce. Ba wanda ya lura da fitowarta. Tana tsaye a bakin taron, ta riƙe mayafinta a ƙarƙashin haɓa. Joynal ya yi mata alama da hannu ta koma, ba ta dube shi ba.

"Faɗi, 'yata."

"Garin Abba ne wannan, da na Khala, da na Kawu Hashem. Ni ba 'yar can ba ce. Ban taɓa ganinsa ba, ban san ƙamshinsa ba. Idan aka tambayi 'ya'yana garin uwarsu, ba wannan za su nuna ba." Ta juya ta nuna lungun. "Ni 'yar nan ce. A ɗakin da ka ci abinci aka haife ni, Khala ce ta yanke mini cibiya. A bakin dogon can na koyi tafiya. Da uwata ta rasu, matan lungun nan suka yi mata wanka, kuma ban kwana da yunwa ko sau ɗaya ba. Idan na haihu, akwai ɗakunan da za su yi faɗa a kan wanda zai karɓe ni. Na san wurin ba shi da kyau. Na san za a iya rushe shi. Amma ba daga babu na fito ba, kuma ba na so a nemo mini wani gari, ko na aro ko na zane."

Kalmar ƙarshen ta sauka a kan Motaleb kamar an ɗora masa dutse. Ya dubi bangon. Watanni yana hawa bencin nan, kuma a ransa, ko da bai taɓa furtawa ba, ita yake zana wa.

Alhaji Mozammel ya daɗe yana kallonta. Ba fushi a fuskarsa.

"Kina da baki, kuma kina da hankali," ya ce. Ya juya ga Motaleb. "Zan yi shawara da 'yan'uwa."

Duk wanda ke wurin ya san ma'anar wannan. Aka yi sallama yadda ya kamata, aka yi musafaha. Tuhin ya bi kawunsa zuwa bakin titi, bai ɗaga ido ya dubi kowa ba. Taron ya watse a hankali. Joynal ya zo kusa da Motaleb kamar zai yi magana, sai ya girgiza kai ya wuce. Jhorna ta koma ɗaki.

Motaleb ya zauna a bencin. Hashem ya miƙo masa shayi, ya karɓa ya riƙe har ya huce.

Ana gab da la'asar sakaliya sai ga Tuhin ya dawo shi kaɗai, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya tsaya gaban Motaleb, hannuwa a baya.

"Na sa Alhaji a mota, Kawu. Ya ce a'a."

"Na sani."

"Na ce masa zan je gida Juma'a mai zuwa mu sake magana, da wadda ke bayanta. Shi ya raine ni, ba zan tsallake shi ba. Amma na gaya masa ba zan nemi wata ba." Ya goge fuska. "Ban san tsawon lokacin da zai ɗauka ba. Ina roƙon a jira ni."

"Ba ni za ka roƙa ba. Je ka, tana ciki. Khala, raka shi."

Tsohuwar, da ke zaune a ƙofar shagon, ta tashi tana mita a kan gwiwoyinta, ta sa shi gaba.

Da suka fito, Tuhin ya yi sallama ya tafi. Jhorna ta zo ta zauna a ƙarshen bencin, idanunta sun yi ja. Ta cire mayafin tarbar baƙi, ta koma ɗankwalinta na kullum.

"Na ce zan jira," ta ce. Can ta ƙara, "Abba, ka yafe mini. Ban so in faɗe shi a gaban mutane ba."

"Ƙarya kika yi?"

"A'a."

"To."

Lungun ya koma harkarsa. Mata sun yi layi da bokitai, wani yana facin tayar rikisha, hayaƙin murhu yana fita ta ƙarƙashin rufin kwano, wayoyin lantarki sun harɗe a sama kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Motaleb yana kallo. Shekarun da ya yi a nan sun ninka waɗanda ya yi a Bokultola. A nan ya yi aure, a nan ya yi takaicin rashin matarsa, a nan gashinsa ya yi fari. Amma da za a ce ya rufe ido ya faɗi launin ƙofar maƙwabcinsa, ba zai iya ba. Kullum yana wucewa ne kamar mai jiran mota.

Ya miƙe ya leƙa shagon.

"Hashem, ɗaya bangon fa, na wajen dogo?"

"Me ya same shi?"

"Ina so."

Hashem ya ajiye butar shayi ya dube shi. "Ka ji abin da mutumin ya ce, Bhai. Shi za su fara kwashewa."

"Na ji."

Ya tuɓe rigar Idi ya rataye a ƙusa, ya ja bencin ya zagaya da shi. Bangon ya yi tsatsa daga ƙasa, da ragowar tsofaffin takardun talla. Ya kankare su da wuƙa, ya goge da tsumma, ya jera gwangwanayensa a ƙasa: ja, rawaya, kore, shuɗi, ruwan hoda, fari, baƙi.

"Jhorna, zo ki tsaya nan. Ke za ki riƙa gaya mini, ni ban san shi da kyau ba. Daga ina zan fara?"

Ta zo ta tsaya a bayansa, ta dubi lungun, ta dubi kwanon.

"Daga kwata," ta ce. "Ita ce a tsakiya. Kuma Abba, kar ka yi mata shuɗi. Ka bar ta yadda take."

Ya duba gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya. Babu launin a cikinsu, masu rikisha ba su taɓa neman sa ba. Ya ɗauko murfin wani gwangwani, ya zuba fari, ya ɗiga baƙi, ya ɗiga kore kaɗan, ya juya da gindin burushi. Ya ɗaga mata ta gani.

"Ƙara baƙi," in ji ta.

Ya ƙara.